Yadda Za Ku Sa Baƙo Ya Bar Kuɗinsa a Ƙauyenku

Wata Asabar cikin hunturu, shekara uku ke nan, motocin bas biyu suka tsaya a bakin garinmu maƙil da 'yan sakandare daga Kano. Kallon tsuntsaye suka zo. Suka sauka da kulolin abincinsu da ledojin ruwansu, har tabarmin da za su zauna a kai da su suka taho. Suka yi awa uku a bakin fadama, suka sha hotuna, suka juya. Da la'asar na zauna na lissafa abin da ya shigo gari: wata yarinya ta sayar da goruba, mai shayi ya sayar da burodi biyu. Shi ke nan. Abin da suka bar mana mai yawa ledoji ne, kwana biyu muna tsinta, kuma akuyar maƙwabcina ta riga mu haɗiye ɗaya.

Ni malamin firamare ne da ya yi ritaya, yanzu ni ke riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, ba nisa da Baturiya. Tun daga ranar nan muka fara gyara, muna yi muna tuntuɓe. Abin da muka koya zan faɗa, don masu gari irin namu, ko kuna bakin ruwa, ko gindin dutse, ko kusa da babbar kasuwa. Ribar baƙo tana cikin abin da ya ci, da wanda ya raka shi, da inda ya kwana, da tsarabar da ya tafi da ita. In babu ko ɗaya cikin huɗun nan, ƙurar motarsa kawai kuka sha.

Ku fara da sanin abin da kuke da shi. Wannan ya fi yadda ake zato wuya, don ido ba ya ganin abin da ya saba da shi. Mu nan an haife mu cikin kukan tsuntsayen ruwa irin su kirinjijiya da dinya, ba mu taɓa ɗaukar su abin kallo ba, sai dai abin miya. Alhali dausayin nan da kogin Haɗeja da na Jama'are suke malalowa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi, duniya ta san da zamansa. Tsuntsaye na tasowa tun daga Turai, su ƙetare Sahara, su zo su yi hunturu a nan. A 2008 aka sa Baturiya cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya, wadda aka ƙulla a 1971 a wani gari mai wannan suna a Iran. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince da sabbin gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da dausayin Haɗeja da dajin Falgore na Kano. Duk wannan, rabin mutanen garinmu ba su ji ba sai da na karanta musu a ƙofar gidan Bulama, mai garinmu.

Abin da muka yi, kuma nake ba ku shawara ku yi, shi ne mu uku muka ɗauki littafi da biro muka bi dattawa. Muka rubuta kowane tafki da sunansa, da watan da yake cika, da watan da yake ƙafewa, da tsuntsun da ke sauka a cikinsa. Muka rubuta masu saƙar kaba, da masu bandar kifi, da maƙerin da ya rage, da tsohuwar da ta iya tatsuniya. Kada ku ce wannan ƙarami ne ba zai shiga littafi ba. Yaron da ya tashi a Sabon Gari ko Hotoro bai taɓa ganin yadda masunci ke jefa ragar birgi ba, kuma zai tsaya kallonsa fiye da yadda zai tsaya kallon gauraka.

A nan sai na ɗan kauce. Ranar da na fara maganar tsuntsaye a taron gari, wani manomin shinkafa ya miƙe ya ce, "Malam, ka ce a zo a kalli tsuntsu? To a zo a kalli jan baki a gonata, in sun ga dama su tafi da shi." Aka yi dariya, amma gaskiyarsa ce. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan nan ta sauya, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki ya samu gidan kwana a cikinta, yana tashi da safe ya sauka a kan shinkafa da gero. Duk wanda zai yi maganar yawon buɗe ido a ƙauye ya manta da manomi da masunci da makiyayi, to ya shirya faɗa. Sai da muka sa aikin gayyar yanke kachalla cikin abubuwan da kuɗin baƙi za su tallafa, sannan manoman suka saurare mu.

Daga nan sai ku tambayi kanku: wane ne baƙonku? Da yawa in an ce yawon buɗe ido, Bature suke hangowa da ƙaton madubin hangen nesa a wuya. Yana zuwa jefi-jefi, amma wanda ya jira shi zai daɗe a rana. A littafinmu, waɗanda suka fi zuwa 'yan makaranta ne, sai ɗaliban jami'a masu aikin bincike daga Dutse da Kafin Hausa da Wudil da Kano, sai 'yan bautar ƙasa, sai magidantan da suka kawo iyali gida hutun Salla suna neman inda za su kai yara. Mutanen nan ba otal suke nema ba. Suna so su yi alwala, su yi salla a kan lokaci, su ci abinci mai tsabta, matansu su samu inda za su kewaya.

To nan ne maganar take, kuma ita ce ba wanda yake son yi a gaban manya: bayan gida. Waccan ranar ta bas biyu, daga baya na kira malamar da ta rako 'yan matan na tambaye ta abin da ya sa suka yi saurin tafiya. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Baba, yara mata talatin ne a hannuna, ina zan kai su?" Ban samu abin cewa ba. Don haka kuɗin farko da ƙungiya ta tara ba mu buga allo da shi ba, masai muka haƙa. Ɗaki biyu, na maza daban, na mata daban, ƙofofinsu ba sa kallon juna, kowanne da sakata daga ciki. Ku yi shi a kan tudu, nesa da rijiya, don in ambaliya ta zo irin ta 2022 kada ramin ya cika ya gurɓata ruwan sha. Ku ajiye randa da butoci da sabulu. Abin da ya fi ginin muhimmanci, ku sa mutum ɗaya da aikinsa ke nan, ana biyansa, yana wankewa kafin baƙi su iso da bayan sun tafi. Masan da ba mai wanke shi ya fi rashinsa korar mutane.

Kusa da shi rumfa, ta zana da kaba ta isa, wadda za ta ɗauki mutum arba'in a zaune. Gefe guda a share, a jera duwatsu, a nuna alƙibla. Sai kwandon shara biyu. Duka wannan bai kai kuɗin bijimi ɗaya ba.

Sai 'yan rakiya. Da ɗan gari kan ci gari, amma ba kowane ɗan gari ne ya iya raka baƙo ba. Mun zaɓi samari huɗu da 'yan mata biyu da suka gama sakandare, muka haɗa su da Sarkin Ruwa tsawon hunturu ɗaya. Shi ba ya karatun boko, amma in ya ji kuka daga cikin ciyawa zai faɗa maka tsuntsun da ya yi shi. Na taɓa bin su wata asuba. Muna cikin kwalekwale, hazo bai gama tashi ba, wani yaro ya ɗaga hannu zai nuna wani zalɓe da ke tsaye da ƙafa ɗaya. Sarkin Ruwa ya dafe hannun a hankali ya mayar masa kan gwiwa, ya ce da raɗa, "Ɗana, da haɓa ake nuna tsuntsu. Ka ɗaga hannu, ya ɗauka bindiga ce." Muka yi tsit. Can sai garken kirinjijiya ya tashi gaba ɗaya daga bayan kachalla, suna wannan fito nasu, suka bi ta saman kanmu har muna jin iskar fukafukansu. Abin da baƙo yake biya ya gani ke nan, kuma in ɗan rakiya mai surutu ne ba zai gan shi ba.

Ku koya wa 'yan rakiya abu uku bayan sunayen tsuntsaye da itatuwa. Su riƙa faɗa wa baƙo tun a rumfa cewa ba a ɗaukar hoton matan aure, ba a leƙa gida sai an yi sallama an ba da izini. Su hana a raba wa yara kuɗi ko alewa a hanya, don rana ɗaya ta isa ta mayar da yaran gari mabarata. Mai son yin alheri a kai shi wurin shugaban makaranta. Kuma in an tambaye su abin da ba su sani ba, kada su ƙirƙira, su ce bari a tambayi Baba.

Maganar kwalekwale ba ta da wasa. Kowa a ƙasar Kano da Jigawa yana tuna hatsarin jirgin ruwan Bagwai na 2021, da ya ci rayukan ɗaliban Islamiyya. Dokarmu: ba mai shiga sai da rigar ruwa, an rubuta adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka da fenti a jikinsa, ba a tashi in iska ta taso, ba a kai magariba a kan ruwa. In rigunanku shida ne, mutum shida za su shiga, sauran su jira a rumfa. An taɓa yi mini fushi a kan wannan, wani Alhaji ya ce ai shi ya iya ruwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka iya, 'ya'yanka fa?" Ya karɓi rigar.

Abinci shi ne inda kuɗin ya fi yawa, kuma hannun mata yake shiga kai tsaye. Hanyar da ta yi mana aiki ita ce a san adadin baƙi tun kwana biyu kafin su zo, su turo rabin kuɗin abinci, sannan a ɗora tukunya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mun raba gidajen da ke so zuwa rukuni uku, ana karɓa-karɓa, don kada gida ɗaya ya cinye wasu su yi ta ƙorafi. Kada ku yi ƙoƙarin dafa abincin birni, ba za ku fi su iyawa ba. Da farko matanmu taliya suka so yi, wai ita ce ta baƙi. Wata gwaggona ta ƙi, ta ce ita tuwon shinkafa za ta tuƙa da miyar kuka da bandar tarwaɗa, wanda bai ci ba ya bari. Kwanonta aka fara suɗewa, har wata malama ta shiga cikin gida ta zauna a kan turmi tana tambayar yadda ake gyara kifin kada ƙashi ya watse a miya. Ku kula da ruwan sha da na wanke kwano, ku rufe abinci saboda ƙuda, ku nemi cokula. Sannan ku rubuta farashi a allo, na abinci da na jirgi da na rakiya, kowa ya gani. Baƙon da ya gane an tsuga masa kuɗi don an ga motarsa ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa goma.

Tsaraba kuwa, abin da kuke nomawa da saƙawa ne, gyara shi kawai za ku yi. Jigawa ta yi suna a riɗi da zoɓo, zoɓon nan har Meziko ake kai shi, amma manomi buhu yake sayarwa a farashin da dillali ya yanka. In aka tsince shi, aka auna a ƙananan ledoji masu tsabta da sunan gari a jiki, mudu ɗaya sai ya ba da kuɗin da ya fi na kasuwa nesa. Haka kantun riɗi, da garin goruba, da bandar kifi, da faifai da ƙananan tabarmi da za su shiga bayan mota. Masu saƙa su rage girma: ba mai ɗaukar tabarmar mutum goma a cikin bas. Ku tabbatar akwai mai POS a rumfa ranar da baƙi za su zo, don mutanen birni yanzu ba sa yawo da tsabar kuɗi.

Wurin kwana ba sai kun yi gini ba tukuna. Ɗaki biyu muka gyara a gidan wani da ya koma Haɗeja da zama, katifa da gidan sauro da fitila mai aiki da hasken rana. Masu bincike su suka fi kwana, don tsuntsu da asuba ake ganinsa. Duk baƙon da zai kwana, Bulama ya sani, 'yan sintiri su sani, a rubuta sunansa da inda ya fito.

Ku san lokacinku, kada ku yi wa mutane alkawarin abin da babu. Mu namu daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Wanda ya zo a Afrilu zafi da tsagaggiyar ƙasa zai tarar, wanda ya zo a Agusta hanya ma ba za ta bar shi ya iso ba. Kuma gari ɗaya ba ya riƙe baƙo kwana uku, sai kun haɗa kai da wasu. Mai tasowa daga Kano zai iya tsayawa kasuwar Gujungu ran Lahadi, ko ya biya ta Maigatari ran Alhamis ya ga kasuwar dabbobi a bakin iyakar Nijar. Ta kudu akwai zanen dutse na Birnin Kudu, irin na Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ga dabinon Dutse. Lokacin Salla akwai hawa a Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim da Dutse, kuma tun da UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, ya kamata masarautun Jigawa da mu na ƙauye mu yi tunanin yadda wanda ya zo kallon dawaki zai ƙara kwana biyu a wajenmu. Ni dai na karɓi lambobin masu rakiya a wurare biyu, ina tura musu baƙi, suna turo mini.

Abin da ke kashe irin wannan aiki a ƙauye rabon kuɗi ne, ba rashin baƙi ba. Tun kafin naira ɗaya ta shigo ku zauna a gaban mai gari ku yanke. Mu mun ce mai jirgi da mai abinci da ɗan rakiya kowa ya riƙe kuɗin aikinsa, amma ya cire ɗaya bisa goma ya sa a asusun gari. Kuɗin shiga kuwa duka na asusu ne. Ana yanka rasit, mutum uku ke sa hannu kafin a cire kuɗi, cikinsu har da mace ɗaya, kuma duk ƙarshen wata bayan sallar Juma'a nakan karanta abin da ya shiga da abin da ya fita. Akwai watan da lissafi ya ƙi daidaita da ɗan abin da bai kai kuɗin mudun gero ba. Na cika daga aljihuna, kuma na faɗa a bainar jama'a cewa na cika, don in ka ɓoye ƙarami za a zarge ka da babba.

Sai gwamnati. Za ku je, dole, amma ku san abin da za ku roƙa da wanda za ku fara. An taɓa turo mana wasu jami'ai, suka zagaya, suka ce za a gina ƙatuwar ƙofar shiga gari da rubutun maraba. Aka kafa ginshiƙi biyu, aka tafi, yau shekara biyu awaki ke shan inuwarsu. Da an tambaye mu, da mun ce a zuba tsakuwa a hanya a sa kwalbati a mashigin da ke yanke mu da damina. Hanyar nan ita za ta kawo baƙo, ita za ta fitar da shinkafa da kifi, ita za ta kai mai naƙuda asibiti. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: duk abin da za a yi don baƙo, in ba zai amfani ɗan gari a watanni takwas ɗin da babu baƙi ba, a ajiye shi baya. A kan wannan ma'auni hanya ce farko, sai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, sai sabis ɗin waya, sai injin yanke kachalla, sai ma'aikatan gandun daji da za su hana harbi da sare itace, kuma a ɗauki 'ya'yan maharban cikinsu don su suka san dajin. Otal da wurin wasan yara a bar wa 'yan kasuwa, in sun ga mutane na zuwa da kansu za su gina. Ku rubuta buƙatunku a takarda ɗaya, kada su wuce uku, ku bi ta hannun Hakimi da kansila, ku haɗa da kwafin littafin baƙi. Shugaban ƙaramar hukuma ya fi sauraron wanda ya ce ga sunayen makarantun da suka zo bara a kan wanda ya ce garinmu na da tarihi.

Talla na bari ƙarshe da gangan, don kiran mutane kafin a shirya ɓata suna ne. In kun shirya, ba ta da tsada. Ɗan rakiya ɗaya mai waya mai kyau ya riƙa ɗaukar gajeren bidiyo da asuba yana sawa a Facebook da TikTok, da Hausa, da lambar waya ɗaya wadda kullum ake ɗauka. Ku rubuta wa shugabannin makarantu wasiƙa tun farkon zangon karatu na ɗaya, lokacin da suke tsara fitar ɗalibai, ku sa farashin kowane yaro har da abinci, ku ambaci cewa akwai bayan gida na mata da rigunan ruwa. Bana wasiƙa goma sha biyu na kai da hannuna a Haɗeja da Malam Madori, kuma ta farko da na aika Kano ta malamar nan ce mai 'yan mata talatin. Ta ce za su zo Asabar ta biyu a Janairu, a dafa da su.